Shagon Injiniya na PZ: yadda ya raba kwamfutata da turojan, da inda ya ɓata mini rai

Daren Alhamis ne bayan isha'i, ina zaune kan tabarma a tsakar gida ina buga wa 'yan ajina tambayoyin jarrabawar zango na uku, sai wani ɗan akwati ya leƙo daga ƙasan fuskar kwamfuta, can gefen agogo. Microsoft Defender ne, manhajar kariyar nan da ke zuwa a cikin Windows, wai ta ga abin da bai kwanta mata ba. Na danna. Sai ga suna dogo kamar na maganin asibiti: Trojan:Win32/Wacatac.B!ml, a gefensa an rubuta Severe. Na zaɓi Remove, ta ɗan yi juye-juyenta, ta nuna mini koriyar alama. Na ce madalla, na koma kan tambaya ta goma sha bakwai, wadda ta shafi jihadin 1804.

Da safe na kunna, ga shi ya dawo. Na cire. Ran Asabar ya sake dawowa, sunan nan dai bai canza ba. Abin har ya fara ba ni dariya, kamar akuyar maƙwabta da ake kora tana zagayowa ta bayan gida. Dariyar ta tsaya ne ran Lahadi da hantsi, da ɗan baffana ya kira ni daga Kaduna, muryarsa a ƙasa-ƙasa, ya ce: "Yaya, lafiya dai ko? Na ga saƙonka a Facebook, dubu ashirin ɗin zuwa yamma zan turo, amma me ya sa lambar asusun ba sunanka ba ne?" Ni kuwa rabona da buɗe Facebook an fi kwana goma.

Abin da ya kai ni shagon da nake son yin magana a kansa ke nan. Amma kafin can sai da na bi ta wani wurin, kuma dole in faɗe shi, don ba a gane kyan aikin na biyun sai an ga na farkon.

Kwamfutar HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu, na saye ta shekara huɗu da suka wuce a wani shago a Samaru, nan Zariya. Ba zan kama suna ba. Ranar da na saya, yaron shagon ya ce zai "cika mini ita" kyauta: Office, abin kallon bidiyo, abin buɗe PDF, har da wasu da ban taɓa taɓawa ba har yau. Ina tsaye na ga ya kashe Defender kafin ya ɗora Office ɗin, na tambaye shi dalili, ya ce: "Malam, kishi ne kawai irin na kamfani, duk abin da ba a biya su ba sai su ce bairos ne. In ta yi maka ƙorafi ka share ta." Na yarda, don magana ce mai daɗin ji ga wanda albashinsa ke ƙarewa ran ashirin ga wata. Can na koma ran Litinin. Ko buɗe kwamfutar bai yi ba ya yanke hukunci: fomat, dubu biyar, in dawo bayan la'asar. Na ce takarduna fa? Ya ce in akwai mai muhimmanci in kwashe a filash. Na ce Office fa? Ya ce zai mayar mini da irin na da. Wato zai share ɗaki tas, sannan ya sake zubo sharar da ya kwashe. A cikin kwamfutar nan akwai tambayoyin jarrabawa na shekara tara, wasu tun daga tsohuwar kwamfutata na kwaso su, akwai furojet ɗin uwargida da ta kai babi na huɗu, akwai hotunan mahaifiyata na ƙarshe. Na naɗe cajata na fito.

Wani abokin aikina mai koyar da lissafi ne ya kwatanta mini wani mai gyara a wajen PZ, a Sabon Gari. Daga Ƙofar Doka na hau Keke Napep, na sauka na yi ta tambaya. Shagon a saman bene yake, matakalar ƙunci gare ta, sai mutum ya karkace in ya haɗu da mai saukowa. Ciki bai fi ɗakin gwauro ba. Tebur ɗaya dogo, gawarwakin kwamfutoci jere a kan kanta kowace da takarda manne a bayanta, fanka tana juyawa da ƙyar, benci guda na baƙi wanda ƙafarsa ɗaya aka tokare da tsohon batir. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka na bi. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Yana da yaro ɗaya mai koyon aiki.

Abin da ya fara burge ni, kafin ya danna komai sai ya ce: "Malam, tana haɗe da intanet ɗin wayarka?" Na ce e, da kanta take kamawa. Ya ce in kashe. Sannan ya jawo kujera ya zaunar da ni kusa da shi, ya shiga yi mini tambayoyi kamar likita: yaushe abin ya fara, wa da wa ke taɓa kwamfutar, me aka ɗora mata a 'yan kwanakin nan, ina shiga banki da ita, kalmomin sirrina a burauza nake ajiye su ko a kaina. Sai da muka ci kusan minti goma sha biyar muna magana kawai. Ni da na zo da zafi na ji kamar ɓata lokaci ne. Ashe rabin aikin a nan yake.

Ya buɗe Windows Security, ya shiga wurin da ake kira Protection history, inda manhajar ke rubuta duk abin da ta taɓa kamawa. Ban taɓa sanin da wurin ba. Ya nuna mini da bakin biro: kowace safiya, minti ɗaya ko biyu bayan na kunna, ana kama fayil a cikin foldar Temp, sunansa haruffa ne barkatai, kullum sabo. Ya ce: "Ka ga wannan? Ba shi ne ɓarawon ba, ɗan aike ne. Wani ke haifo shi kullum." Daga nan ya gangara cikin saitin, ya buɗe Exclusions, jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ta leƙa. A tunanina babu komai a ciki. Sai ga layi biyu. Ɗaya na wata folda ce mai suna da ya shafi kunna Office, tun ta shekara huɗu. Ɗayan kuwa wata folda ce a cikin ProgramData, mai suna kamar na abin sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa sassan kwamfuta, wadda aka ƙirƙira mako biyu kacal kafin ranar. Ya goge layukan biyu, bai ma kai ga cewa a bincika ba, yana buɗe foldar ta biyu Defender ta yi kuka. Sai ya juyo ya ce: "Uwar ke nan. An kulle ta a ɗaki an ce wa maigadi kada ya shiga. Shi ya sa 'ya'yan kawai yake kamawa in sun fito tsakar gida." Ya ƙara buɗe Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da za ta riƙa yi da kanta, ya zaƙulo wani aiki da aka saita ya tashi duk lokacin da na shiga kwamfutar, kuma kai tsaye foldar nan yake nunawa. Kwana huɗu ina danna Remove ina jin na yi aiki, ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Mako biyu kafin ranar kuwa na san abin da ya faru. Ɗan ƙanwata ya zo mana hutun ƙarshen mako daga Tudun Jukun, ya roƙe ni aron kwamfuta zai "duba wani abu". A foldar da ake sauke kaya muka tarar da abin da ya duba: wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta, na sata, a dunƙule cikin zif mai kalmar sirri, da 'yar takarda a gefe da Turanci tana cewa a kashe antibairos kafin a ɗora. Injiniya ya ce da gangan suke sa wa zif ɗin kalmar sirri, don manhajar kariya ba ta iya ganin cikinsa sai an kwance shi, kafin nan kuwa an riga an lallaɓi mutum ya kashe ta da hannunsa. Na fara kumfar baki a kan yaran zamani. Bai ce komai ba, ya ɗan gangara ƙasa cikin tarihin nan, ya nuna mini wani layi na bara: HackTool:Win32/AutoKMS, abin da ke kunna Office ɗin nan na sata, a gabansa an rubuta cewa an ba shi izini. Ya ce: "Wannan wa ya danna masa Allow?" Ni ne. Na tuna sarai, ina sauri zan fitar da sakamakon jarrabawa, ta dame ni, na bi shawarar yaron Samaru. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan ne malamin tarihin da ke cikina ya motsa. Sunan turojan daga tatsuniyar Girkawa aka samo shi: sun yi shekara goma suna kewaye da birnin Troy, wanda kufansa ke yammacin Turkiyya ta yau, ganuwa ta gagare su, sai suka sassaƙa ƙaton doki na itace suka cika cikinsa da mayaƙa, suka yi kamar sun tafi. Mutanen birni da kansu suka ja dokin zuwa ciki. Na sha ba ɗalibai labarin nan ina haɗa shi da tamu ganuwar ta Zazzau, ina ce musu duk kaurin ganuwa ƙarfinta bai wuce na mai riƙe da makullin Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ba. Ban taɓa kawo wa raina ni ne sarkin ƙofar da zai buɗe ba. Bambancin da Injiniya ya fitar mini shi ne, akwai cutar kwamfuta mai yaɗa kanta ba da hannun kowa ba, irin WannaCry da ta tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017. Turojan ba haka yake ba. Shi shiga yake cikin rigar abin da kake so, wasa ko Office ko takardar wai an ɗauke ka aiki, kai za ka ɗauko shi, kai za ka danna masa Yes.

Na tambaye shi ko ba ta yiwuwa ƙarya manhajar ke yi, kamar yadda na farkon ya ce. Amsarsa ta yi mini, don bai kare kowa ba. Ya ce tana yiwuwa. Haruffan nan biyu na ƙarshen sunan, ml, na nufin ba wai an san fayil ɗin da suna ba ne, na'ura ce ta dubi kamanninsa da ɗabi'arsa ta ce ya yi kama da mugu, kuma irin wannan hukuncin wani lokaci yakan faɗa kan mai gaskiya. Amma, in ji shi, mai gaskiya ba ya ɓoye kansa a foldar da ya hana a bincika, ba ya canza suna kowace safiya. Ya ɗauki fayil ɗin ya tura shi VirusTotal daga tasa kwamfutar, wani shafi ne mallakar Google da ke gwada fayil da manhajojin kariya wajen saba'in a lokaci guda. Fuskar ta cika da ja. Ya ja mini kunne cewa kada in ga haka in riƙa tura takarduna na sirri can, don abin da aka tura masu binciken tsaro na iya ganinsa.

Sai aikin wanki. Ya sa Microsoft Defender Offline scan, wanda ke kashe kwamfutar ya tashe ta a wani yanayi na daban, ya yi bincike kafin Windows ta farka, don kada ɓarawon ya samu damar ɓuya. Kimanin kwata ɗaya na awa ya ci. Bayan nan ya ɗora Malwarebytes na kyauta, wani antibairos daban, don jin ta bakin wani, shi ma ya tsinto tarkace, har da wani ƙari da aka liƙa wa burauzata ban sani ba. Na ɗauka an gama, har na fara laluben aljihu. Sai ya ce: "Malam, gaskiya zan faɗa maka. Abin da muka gani mun cire. Abin da ba mu gani ba, ba zan rantse maka ba. In tawa ce, sabuwar Windows zan zuba."

Raina ya ɗan sosu. Na ce to ai abin da na Samaru ya ce ke nan, kuma shi dubu biyar ne. Ya yi murmushi ya ce in zauna in ga bambancin. Na kuwa gani. Ya kwashe takarduna da hotuna da bidiyo zuwa wani faifan ajiya na waje, folda bayan folda, ina kallo ina cewa wannan a ɗauka, wannan a bari. Duk wani fayil mai ƙarewa da exe, da duk wani zif da ban san asalinsa ba, ya ƙi ɗauka ko da na ce ina so. Ya bincike abin da ya kwasa a tasa kwamfutar. Windows ɗin da ya zuba daga shafin Microsoft ya sauko da ita, ba irin wadda ake yawo da ita a filash an cusa mata abubuwa ba. Da ta hau intanet sai ta kunna kanta da kanta, ashe kwamfutar tana da lasisinta na halak tun asali, a jikin na'urar yake, ba a buƙatar wata dabara. Shekara huɗu ban sani ba.

Wurin da ya fi daɗewa a kai, kuma wanda nake ganin shi ne ainihin abin da na biya, ba a kan kwamfutar aka yi shi ba. Ya ce irin wannan turojan ɗin aikinsa kwasa ne: kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza, da 'yan fayilolin nan da ke sa shafi ya tuna ka riga ka shiga. Da waɗannan ɓarawo kan shige asusunka ba tare da an tambaye shi komai ba, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake turawa, tun ranar farko. Wanke kwamfuta ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Ya karɓi wayata, a'a, ya dai sa ni na riƙe ta da kaina, ya kau da kai duk lokacin da zan buga sabuwar kalma, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Imel muka fara, don ya ce shi ne uwar makullai, duk wanda ya riƙe shi zai iya sake na sauran. Muka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A Facebook muka tarar da wata na'ura da ban sani ba a jerin wuraren da aka shiga, muka kore ta, na rubuta wa jama'a cewa duk wanda ya ga roƙon kuɗi da sunana ba ni ba ne. Mutum goma sha ɗaya aka aika wa, ciki har da surukina, abin kunya. Allah ya taimake ni babu wanda ya tura. Banki kuwa da waya kawai nake shiga, amma duk da haka ya ce in canza lambobin sirrin in kuma sa ido a kan saƙonnin cire kuɗi.

Daga baya na karanta cewa a watan Mayun 2025 Microsoft ta sanar da gano kwamfutoci sama da 394,000 a duniya da wani ɓarawon bayanai mai suna Lumma ya kama cikin wata biyu kawai, kuma manhajojin sata na cikin hanyoyin da yake bi. Irin sana'ar ke nan, kasuwa ce guda, masu kwasa daban, masu saye daban, masu aika wa surukin mutum saƙo daban.

Akwai kuma ɗan ƙaramin abin da ya yi mini kyauta. Filash ɗin da nake kai tambayoyi wurin masu buga takardu ta daɗe da lalacewa a ganina: duk foldodina sun koma 'yan gajerun alamu masu kibiya a gindi, har na haƙura da abin da ke ciki. Ya ce kada in ƙara danna ko ɗaya, don kowace dannawa tashin cutar ne. Ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ya buga attrib -h -r -s /s /d da harafin filash ɗin, sai ga foldodina sun bayyana cif, ashe ɓoye su kawai aka yi. Ya goge na bogin. Ya ce wannan cutar ta shagunan buga takardu ce, daga Kongo har Samaru babu inda ba ta zaga ba, gara in riƙa tura musu PDF ta WhatsApp in bar filash a gida.

To, yanzu inda ya ɓata mini rai, don ba waliyyi ba ne.

Na farko lokaci. Ya ce in dawo Talata da azahar, na zo, bai ko fara zuba Windows ba, wai wuta ba ta zo ba kuma man janareta ya ƙare. Na koma Laraba na zauna awa uku a bencin nan mai ƙafar batir, janaretan maƙwabcinsa na zuba mana hayaƙi ta taga. Mutum ne mai karɓar aiki fiye da ƙarfinsa, kuma ba ya iya cewa a'a. Kana tsakiyar magana da shi wani zai shigo da waya ko firinta, ya bar ka ya koma can. Wayarsa kuwa in ka kira sau biyar ya ɗauka sau ɗaya ka gode Allah.

Na biyu kuɗi. Bai faɗa mini farashi da farko ba, ni ma laifina ban tambaya ba. Da aka gama ya ce dubu goma sha biyar. Muka yi ta ja, ya tsaya a sha biyu. Ban ce aikin bai kai ba, ya kai, amma ya kamata mutum ya san abin da zai tarar tun kafin a kwance masa kwamfuta. Rasit babu. Takardar da ake manna wa kwamfuta da sunan mai ita, ita ce kaɗai shaidar ka kawo kaya, ita ma a wurinsa take zama. In wani abu ya ɓata, sai dai a yi rantse-rantse.

Na uku, yaronsa. Ranar Laraba da Injiniya ya sauka sallar la'asar kafin ni, na ga yaron ya buɗe foldar hotunan wani mai kwamfuta yana kallo yana murmushi. Ba tawa ba ce, amma ta wani ce. Na faɗa wa maigidan, ya yi masa faɗa a gabana, sai dai abin ya tsaya mini a rai. Duk mai kai kwamfuta gyara, can ko wani wuri, in da hali ya zauna a yi kwasar kayansa a gabansa, musamman in akwai hotunan iyali.

Na huɗu ƙarami ne amma ya sa ni asarar kuɗin mota. Na dawo gida zan buga tambayoyin Hausa da wata malama ta roƙe ni, na nemi ƙ da ɗ da ɓ na rasa. Ya manta bai mayar mini da allon rubutun Hausa ba, firintar gida ma ta ƙi magana da kwamfutar. Sai da na sake hawa benen nan ran Asabar. Minti biyar ya ɗauka, a cikin saitin harshe na Windows Hausar take, ƙara ta kawai ake yi. Bai karɓi ko sisi ba, ya kuma ba ni haƙuri, amma da yana da 'yar takardar da yake rubuta abin da ke kan kwamfuta kafin ya goge, da ba a yi haka ba.

Rigimar da ta biyo ni gida ita ce ta Office. Ya ce shi ba ya ɗora na sata, ko nawa za a ba shi, don rabin kwamfutocin da ke kan kantarsa ta nan suka kamu. Zaɓi uku ya ba ni: in sayi lasisi, in yi amfani da Word na kan intanet wanda kyauta ne ga mai asusun Microsoft amma yana cin data, ko ya sa mini LibreOffice, wadda kyauta ce ta halak kuma tana buɗe takardun Word. Na zaɓi ta ukun. Uwargida ta buɗe babinta na huɗu ta ga maɓallan ba a inda ta saba ba, ta ce: "Malam, wannan kuma wace irin tsiya ka kwaso mana ana saura wata ɗaya in miƙa aiki?" Kwana biyu ba a yi mini magana mai daɗi ba. Yanzu hannunta ya faɗa, ta gama har babi na biyar, tana fitar da shi a PDF ta tura wa malaminta. Ni dai ban ce komai ba.

Ya kuma faɗa mini wata gaskiyar da ban so ji ba. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, kuma ya yi mini rajistar. Kwamfutata kuwa injinta na ƙarni na shida ne, Windows 11 daga na takwas take karɓa a hukumance. Ya ce akwai masu tura ta da ƙarfi, shi bai ba ni shawara ba, in fara tara kuɗi a hankali. Na lura bai ce yana da wata ta sayarwa ba, alhali ga su nan jere a bayansa. Antibairos na kuɗi ma na tambaya ko in saya, ya ce ga irin aikina Defender ta isa, ai ita ce ta yi ta ihu kwana huɗu, ba a saurare ta ba ne.

Wanda kwamfutarsa ta nuna masa irin wannan saƙon ya cire ya ga ya dawo, kuma yana da abin da yake jin asararsa a ciki, ni zan ce ya hau benen nan. Ya tafi da cajarsa, da wayar da lambar imel ɗinsa ke kai, da filash ko faifan da zai ɗauki kayansa, ya yi ciniki tun a tsaye, kuma kada ya sa ran karɓa a ranar. Wanda kuwa sauri yake yi kuma babu komai a kwamfutar sai finafinai, masu fomat ɗin dubu biyar sun fi kusa.

Abu na ƙarshe da ya yi kafin in sauko, ya raba kwamfutar gida biyu: asusuna mai ikon ɗora manhaja, da kalmar sirri, da wani na yara wanda ba ya iya ɗora komai sai an kira ni. Makon jiya ɗan ƙanwar tawa ya sake zuwa. Ina alwalar magariba na ji shi a bayana yana sosa ƙeya.

"Kawu, kwamfutar tana tambayar wata kalma."

Na ce me za ka ɗora?

Ya ce ba komai, wani abu ne kawai zai duba.